Kuɗin bincike da neman jagora: tambayoyin sababbin malaman lafiya a Garwa, Marwa da Ngaundere

Duk lokacin da aka ɗauki sababbin malamai a tsangayoyin likitanci da na kimiyyar lafiya na arewacin Kamaru, tambayoyi iri ɗaya ne suke biyo ni, a ofis, ko a ƙofar masallaci bayan la'asar, ko da tsakar dare ta WhatsApp. Yawancin masu tambayar asistan ne, wato matakin farko na malamin jami'a, wasu kuma ba su daɗe da zama chargé de cours, mataki na gaba, ba, akwai kuma 'yan'uwa daga Injamena da Abeshe. Na tattara amsoshin a nan don in huta da maimaitawa. Inda na faɗi ra'ayina, ra'ayina ne, wani babba yana iya ganin akasin haka.

Malam, wai mene ne “tsarin lafiya mai koyo” da ake ta ambata a sanarwar tallafi?

Asibiti ne ko gundumar lafiya da take waiwayar aikinta, ta ga inda yake yoyo, ta toshe, sannan ta dawo ta duba ko toshiyar ta riƙe. Zagaye ne mai ƙafa uku: aikin yau da kullum yana haifar da bayanai, bayanan a juya su su zama sani, sanin ya koma ya canza aikin. In ƙafa ɗaya ta karye, babu koyo. Mu a nan ƙafar farko muke da ita a wadace. Ana cika rajista, ana aika rahoton wata zuwa gunduma, ana shigar da shi DHIS2, manhajar tattara alƙaluman lafiya, ya tafi Yaunde, shi ke nan. Ungozomar da ta cika rajistar ba ta sake jin labarinsa.

Sunan ya yi ƙarfi ne a Amurka, bayan wani rahoto da cibiyar nazarin likitanci ta ƙasar ta fitar a 2007. A 2018 hukumomi biyu na can, AHRQ da PCORI, suka ware dala miliyan 40 na shekara 5 ga cibiyoyi 11, don horar da ƙananan malamai su yi bincike daga cikin asibitin da suke aiki. Wannan kuɗin na 'yan can ne, kada ka ɓata lokacinka a kansa. Abin ɗauka a ciki shi ne fasalinsa: an saya wa malamin lokaci, an haɗa shi da jagorori, an sa shugabannin asibitin sun amince tun farko cewa tambayarsa tambayarsu ce. A 2021 kuma wani reshe na Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da binciken tsare-tsaren lafiya ya fitar da babban rahoto a kan wannan batu, yana duban ƙasashe irin namu.

Wannan ba aikin masu kwamfuta a kowane ɗaki ba ne? Mu da wuta ma ba ta tsayawa?

A'a. Misalin da na fi so daga maƙwabta ya fito, kuma babu kwamfuta a bakin gadon kowa. Wajen shekarar 2000, masu bincike na Cadi da abokan aikinsu na Suwizalan suka duba makiyaya a Shari-Bagirmi da Kanem. Suka tarar shanu suna samun rigakafi, amma a cikin yaran makiyayan da suka duba babu wanda ya kammala nasa. Sai aka haɗa tafiyar: mota ɗaya ta ɗauki likitan dabbobi da mai allurar yara, a je ruga a yi duka biyu. An lura, an fahimta, an canza aiki, an sake aunawa.

Rajistar takarda da biro sun isa a fara. Abin da ba ya samuwa a kasuwa shi ne mutumin da zai zauna ya karanta rajistar da idon tambaya.

Wace irin tambaya ce masu ba da kuɗi suke saurare?

Wadda ta hana manjon ɗakin haihuwa, wato shugabar ma'aikatansa, ko shugaban gundumar lafiya barci, ba wadda ta burge ka a wata mujalla ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Je ka zauna da su kafin ka rubuta layi ɗaya.

Ga irin waɗanda suke kwance a ƙofar gidanmu. Tun 2016 ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da damina, a jihar Arewa da ta Arewa Mai Nisa. Maganin na kwana uku ne kowane wata. Ranar farko mai rabawa yana tsaye ake ba yaro, sauran kwana biyun a hannun uwa suke. Shin ana bayarwa? In yaro ya yi amai, me uwar take yi? In an bar sauran a kan kwano don ƙanin da ya kwanta, wa ya sani? Ga allurar rigakafin zazzaɓin da Kamaru ta fara sakawa cikin rigakafin yau da kullum ranar 22 ga Janairun 2024, ƙasa ta farko da ta yi haka. Sau huɗu ake yi, a wata 6, 7, 9, ta ƙarshe sai yaro ya kai wata 24. Tsakanin ta uku da ta huɗu akwai wata goma sha biyar, kuma uwa ta saba cewa rigakafi ya ƙare tun yaro yana rarrafe. Wa ke dawowa, wa ke ɓacewa, me zai dawo da su? Ga kuma chèque santé, wanda aka fara a jihohin arewa uku a 2015, mai ciki ta biya sefa 6,000 a kula da ita har bayan haihuwa. Wace mace ce take saya, a wane wata na cikin, kuma wa ke yanke shawarar sayen, ita ko maigida ko uwar miji?

Kowace daga cikinsu tana da mai jiran amsa, kuma ana iya gwada gyara cikin shekara guda. Tambayar “yawan masu hawan jini a wani asibiti” an yi ta sau ba adadi, kuma ba ta canza ko kujera ɗaya ba.

To ina kuɗin yake?

Hawa-hawa ne, kuma babban kuskuren sabon malami shi ne ya ɗaga ido zuwa benen ƙarshe.

A ƙasa akwai ƙananan tallafi. Ƙungiyar RSTMH ta Landan tana ba masu fara bincike har fam 5,000 na shekara ɗaya, wato sama da sefa miliyan 3 da rabi. Ba ya sayen mota, amma yana biyan masu tattara bayanai, man babur, kuɗin kwamitin ɗa'a da bugun takardu. Shirin TDR na Hukumar Lafiya ta Duniya yana fitar da ƙananan tallafi tare da ofishin hukumar na Afirka, kuma yana da SORT IT, wanda a ganina ya fi kowane dacewa da mu. Ba kuɗi mai yawa yake bayarwa ba, horo ne a matakai uku: ka tsara binciken, ka tace bayanan da shirin lafiya ya riga ya tara, ka rubuta maƙala, kowane mataki da jagora a gefenka, kuma in ba ka cika sharaɗin mataki ba, ba ka wucewa na gaba. TDR ɗin yana kuma ɗaukar nauyin digiri na biyu a binciken aiwatarwa, kuma Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar tana cikin masu koyar da shi da Faransanci.

A tsakiya akwai AREF, asusun da aka kafa a 2015 don masu binciken lafiya na Afirka da suka gama digirin digirgir. Yana tura mutum watanni ya zauna a wata cibiya ya koyi abin da babu a gida, yana kuma koyar da rubutun neman tallafi. Ta ɓangaren Faransanci, hukumar AUF tana da ofishin yankin Afirka ta Tsakiya a Yaunde, cibiyar IRD ta Faransa kuma tana da shirin JEAI na ƙananan rukunin masu bincike, na shekara 3. Wannan na rukuni ne, ba na mutum ɗaya ba, don haka ku haɗu uku ko huɗu.

A sama akwai EDCTP, haɗin gwiwar Turai da Afirka da aka kafa a 2003, mai tallafa wa masu tasowa a binciken cututtuka masu yaɗuwa. Akwai Wellcome, asusun tallafin bincike na Birtaniya, wanda tallafinsa na masu farawa ya ƙunshi albashi da kuɗin bincike har fam 400,000 na shekara 5. Akwai K43 na cibiyar Fogarty ta Amurka, wanda aka tsara musamman don ƙananan malaman jami'a a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, da sharaɗin jagora biyu, ɗaya a gida ɗaya a Amurka, da kashi 75 cikin ɗari na lokacin aikinka. Sai dai tun 2025 kuɗin lafiya da ke fitowa daga gwamnatin Amurka ya girgiza ƙwarai, don haka ka tabbatar ƙofar a buɗe take kafin ka kashe wata uku kana rubutu. Haka ma sauran: sharuɗɗa da adadi suna canzawa, sanarwar shekarar ita ce alƙali.

Waɗannan na saman ba sa ba mutumin da ba shi da sawu. Suna son su ga ka taɓa riƙe miliyan 3 ka kawo rasit, ka kawo maƙala.

Gwamnati fa, ba ta ba da komai?

A Kamaru tun 2009 akwai alawus na zamanantar da bincike da ake biyan malaman jami'o'in gwamnati duk wata uku. Gaskiya yawancinmu cefane da kuɗin makarantar yara ne suke cinye shi. Wanda ya daure ya ware ko da kaso ɗaya a shekara, ya isa ya yi ƙaramin binciken farko.

Ba ni da ko sisi, ba ni da maƙala. Ta ina zan kama?

Ta bayanan da ke nan. Nemi izini ka duba rajistar ɗakin haihuwa ta shekara biyu ko uku, ko takardun bitar mace-macen mata masu juna biyu, ko alƙaluman DHIS2 na gunduma ɗaya. KoboToolbox, na tattara bayanai, kyauta ne, yana aiki a waya ba tare da intanet ba. Manhajar R, ta tace alƙaluma, kyauta ce. Ɗakin karatun jami'arka yana iya samun mujallu ta Research4Life, tambayi mai kula da shi lambar shiga, sau da yawa tana nan ba wanda ya nema. Buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike, yau, minti biyar ne.

Ɗalibanka na shekarar ƙarshe dole su rubuta kundi. Maimakon ka ba biyar batutuwa biyar da ba su san juna ba, ka raba musu tambaya ɗaya gida-gida. A ƙarshen shekara kana da abin bugawa, su kuma sunayensu suna kai.

Ina da babban farfesa da nake ƙarƙashinsa. Ba shi ne jagorana ba?

Wataƙila shi ne, wataƙila ba shi ba ne. Mun gaji tsari guda daga Faransa da kuma daga gidajenmu, wanda a cikinsa ubangida yake ɗauke da kai: ya sa hannu a takardarka, ya ambaci sunanka inda ake raba dama, ya tsaya maka ranar da aka taso ka. Kai kuma ka riƙe masa jaka, ka koyar da darasinsa in ya tafi Yaunde, ka yi shiru in yana magana. Ubangida yana da amfani, kar wani ya ruɗe ka. Ba tare da shi ba, ƙofofi da yawa ba sa buɗuwa.

Amma jagora wani abu ne dabam. Jagora shi ne wanda zai karanta shafi goma da ka rubuta, ya dawo maka da su ja-wur da gyara, ya ce maka tambayarka uku ce ka cusa a riga ɗaya. Shi ne wanda za ka iya ce wa “ranka ya daɗe, ban gane ba” ba tare da jin ka zubar da kanka ba. Da na gaba ake gane zurfin ruwa, amma sai in na gaban yana waiwayowa. Akwai manya masu suna da ba su taɓa karanta rubutun yaransu har ƙarshe ba, akwai kuma wata chargée de cours da ta girme ka da shekara huɗu kacal, wadda ta sami tallafi bara, ta san kowane rami a hanyar. Wannan ta biyun ta fi maka amfani a wannan shekarar.

A irin wannan bincike kuma kana bukatar mutum na uku, wanda ba malamin jami'a ba ne: shugaban gundumar lafiya, ko daraktan asibiti, ko tsohuwar ungozoma da kowa yake jin maganarta. Shi zai gaya maka abin da zai yiwu a canza ranar Litinin da safe. Farfesa ba zai iya wannan ba komai iliminsa.

Abin da nake gargaɗi a kai shi ne ka nemi jagora a waje a ɓoye. Je ka gaishe da babbanka, ka ce masa kana son ƙarin ilimi a wajen wane, kana neman albarkarsa. Ya ji daga bakinka ya fi ya ji a taro.

Yaya zan tunkari wanda bai san ni ba?

Da ƙaramar bukata. Kada ka rubuta “ina so ka zama jagorana”, wannan kamar neman aure ne a ranar haɗuwa ta farko. Karanta aikinsa guda biyu, ka aika shafi ɗaya mai ɗauke da tambayarka, da inda za ka samo bayanai, da abin da ya ɗaure maka kai, ka roƙi minti ashirin. In ya amsa, ka yi abin da ya ce, ka koma masa da sakamako. Jagoranci a haka yake ƙulluwa. Dandalin AuthorAID, wanda yanzu ake kira Rising Scholars, ya daɗe yana haɗa masu farawa da masu duba rubutu kyauta. A gida kuma, reshen Centre Pasteur na Garwa da waɗanda suka yi horon binciken annoba a fili suna da mutanen da suka saba da bayanan yankin nan.

In kun daidaita, ku rubuta abin da kuka yarda a kai ko da a saƙo ɗaya ne: sau nawa za ku yi magana, kwana nawa yake bukata ya duba rubutu, sunan wa zai hau wace maƙala.

Turancin Ingilishi ne yake kashe ni. Da Faransanci na yi karatu.

Ba kai kaɗai ba. Rubuta tunaninka da harshen da kake tunani da shi, ka tabbatar ya tsaya, sannan a juya. Manhajojin fassara suna taimakawa, amma kada ka zuba musu sunaye ko bayanan marasa lafiya.

Kuma kana da wata dukiya da abokan aikinka na kudu ba su da ita: Hausa. Yola tana nan kusa da Garwa, Maiduguri ba ta da nisa da Marwa da Kusiri, a Jami'ar Bayero ta Kano akwai cibiyar ACEPHAP mai nazarin lafiyar al'umma da manufofinta. Can akwai malamai da suka saba rubuta neman tallafi da Ingilishi, kuma za ku yi hira da Hausa kamar kun tashi unguwa ɗaya. Marasa lafiyarmu suna ƙetare iyakar nan kullum, kwalara da ƙyanda ma haka. Takardar da ta haɗa gunduma ta nan da ta can tana ɗaukar ido.

Darasi, asibiti, gyaran jarrabawa, ga iyali. Ina lokacin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ta kuɗi nauyi, kuma ba ni da amsa mai daɗi. Jami'ar Marwa an kafa ta a 2008, ta Garwa a 2022, malamai ba su kai yawan aikin ba, kuma sabon shiga shi ake jibga wa abin da kowa ya ƙi. Kashi 75 ɗin da masu tallafi suke nema ba ya samuwa da fatar baki. Abin da na ga yana aiki shi ne a nemi rabin yini biyu a mako, a rubuce, da sa hannun shugaban sashe, a kuma sa kuɗin wanda zai riƙe maka wasu darussa a cikin kasafin in sharuɗɗa sun yarda. Ka tattara darussanka a zango ɗaya in zai yiwu. A watan Maris da Afrilu, da zafin Garwa, kan mutum ba ya aiki bayan azahar, don haka rubutu na bayan asuba ne.

Rajista kawai zan duba. Sai na je kwamitin ɗa'a?

Ƙwarai. Kamaru tana da doka ta musamman kan binciken likitanci a kan ɗan'adam tun Afrilun 2022. Akwai kwamitin ƙasa a Yaunde, akwai na jihohi, kuma bayan amincewar ɗa'a akwai izinin hukumar lafiya. Cadi ma tana da nata kwamitin ƙasa. Mujalla mai mutunci ba za ta karɓi maƙalarka ba babu lambar amincewa, kuma ba a ba da ita bayan an gama aiki.

Takardar neman yardar mutane da Faransanci take, amma matar da ke gabanka Fulatanci take ji, ko Hausa, ko Mafa, ko Larabcin Shuwa. Sa kuɗin fassara da gwajin fassarar a kasafi. Kalmar “bincike” kanta, in ba a yi hankali ba, mutumin ƙauye jin ta yake kamar aikin jandarma. Kuma ka gaishe da lamido ko lawan ko jauro kafin ka shiga gari.

Me ake yawan mantawa a kasafi?

Damina. Mayo, wato kogi, ya cika, mota ba ta ƙetarewa, aikin kwana uku ya zama na kwana goma. Sai batirin ajiyar wuta, kuɗin intanet, kuɗin cire kuɗi a banki, kuɗin buga maƙala, kason da jami'a take ɗauka na gudanarwa, da tafiya Yaunde, wadda daga Marwa sai ka yini a mota kafin ka kama jirgin ƙasa na dare a Ngaundere. Mai babur ba ya ba da rasit, don haka ka shirya takardar sa hannu tun daga gida. Yuro a ɗaure yake da sefa, 655.957, amma fam da dala suna hawa da sauka, ka bar ɗan sarari.

Sai sa hannu. Yawancin manyan tallafi ba kai ake ba ba, jami'arka ake ba, kuma sai wani mai hatimi ya amince. Na taɓa gama takarda tsaf kwana biyu kafin rufewa, na kai ofishin da za a sa hannu, aka ce mai shi ya yi tafiya, babu kuma wanda aka bar wa izini. Na zauna a kan benci har aka kulle ƙofa. Wata huɗu na aiki suka tafi a haka. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun ranar da ka yanke shawarar nema, ka je ka gano wa zai sa hannu, ka ba shi mako uku.

Na tattara bayanai, na rubuta, aka sa sunana na biyar. Haka ake yi?

Ana yi, amma ba daidai ba ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙa'idar da manyan mujallun likitanci suka yarda da ita tana cewa marubuci shi ne wanda ya sa hannu sosai a tsara aikin ko tattara bayanai ko tace su, ya shiga rubutun, ya amince da shi, ya kuma ɗauki alhakinsa. Muƙami ba ya cikin sharuɗɗan. Wanda ya ja aikin ya rubuta daftarin farko, shi ne na farko, babba kuma wurinsa na ƙarshe, kuma wannan wuri ne na girma.

Maganin shi ne a yi maganar tun ba a fara ba, lokacin da babu abin rabawa. Haka da abokan aiki na waje: a rubuta wa ke riƙe bayanan, ina za a ajiye su, wa zai iya amfani da su nan gaba. Kai ma in ka zama babba, ungozomar da ta kawo tambayar kada ta ƙare a layin godiya.

Malam, ni mace ce, ga goyo. Akwai abin da ya shafe ni dabam?

Akwai. Masu tallafi da yawa, har da Wellcome, suna cire lokacin haihuwa da reno in suna ƙirga shekarunki bayan digiri, don haka ki rubuta shi a fili, kada ki ɓoye. Ƙungiyar OWSD tana da tallafi na mata masu fara bincike, akwai kuma kyautar L'Oréal da UNESCO ta matasan masana mata na Afirka kudu da Sahara. Ki tambaya ko ana iya sa kuɗin mai reno a kasafin tafiya.

Ki kuma san abin da ke hannunki. Akwai gidajen da namiji ba ya wuce zaure, kuma yawancin tambayoyin da na lissafa a sama amsarsu tana cikin gida. In jagoranki namiji ne, ku riƙa haɗuwa a ofis a lokacin aiki, kuma ki nemi wata babbar mace ko da daga nesa ce, don akwai abin da ba za ki iya kai masa ba.

Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga, Logon-da-Shari, inda ake fama da rashin tsaro: in saka su ko in kauce?

In kowa ya kauce, wuraren da suka fi bukata su ne ba a san komai a kansu ba. Amma kada ka tura ɗalibi inda kai ba za ka kwana ba. Yi aiki da ma'aikatan lafiya da suke zaune a can, ka horar da su, ka biya su, ka rubuta a takardarka abin da za ka yi in hanya ta rufe. Masu tantancewa sun fi yarda da wanda ya faɗi haɗarin da bakinsa.

An ƙi takardata.

An ƙi ta kowa. Bar ta kwana uku, sannan ka karanta sharhin tare da jagoranka. In ba a aiko da sharhi ba, ka roƙa. Gyara ka aika wani wuri.

Irin wannan aikin yana kai mutum ƙarin girma kuwa?

In an buga shi. Hukumar da ke tantance ƙarin girman malaman jami'a, ko CCIU ce take duba kundinka a Kamaru, ko CAMES ga 'yan'uwa na Cadi, maƙala ake ƙirgawa, ba yawan matan da suka daina zubar da jini a ɗakin haihuwarka ba. Wannan rashin adalci ne a ganina, amma haka awon yake a yanzu. Don haka kowane gyara da ka gwada, ka tsara shi tun farko yadda zai bugu: me aka auna kafin, me aka canza, me aka auna bayan. Akwai ƙa'idar SQUIRE ta rubuta irin wannan aiki. Pan African Medical Journal tana karɓar Faransanci da Ingilishi. Ka guji mujallar da ta aiko maka saƙon yabo tana alkawarin bugawa cikin mako ɗaya in ka biya.

Na gama, maƙala ta fito. Saura me?

Saura ƙafa ta uku. Manjon da ta ba ka rajista ba za ta karanta maƙala mai shafi goma sha biyu da Ingilishi ba. Nemi minti goma sha biyar a taron gunduma na gaba. Je da shafi ɗaya da Faransanci mai sauƙi, zane ɗaya, da abu ɗaya ko biyu da za a iya canzawa ba tare da jiran Yaunde ba, misali a ƙara layi a rajista, ko a riƙa rubuta ranar allura ta huɗu da jan biro a katin yaro. Bar su su yi gardama, su gyara shawararka, don sun fi ka sanin wurin. Ka koma wajen lawan da matan da suka amsa tambayoyinka ka gaya musu abin da aka gano, da harshen da suka amsa maka da shi.

Kafin ka tashi daga taron, ku sa ranar da za a sake buɗe rajistar, bayan wata uku, a kuma rubuta sunan wanda zai ƙirga. Kuɗin man babur na wannan komawar, ka sa shi a kasafi tun farko, don lokacin da za a yi ta tallafin ya riga ya rufe.